Me Ka Aro A Laburare? Tambayoyi Da Amsoshi Ga Masu Karatu A Kaduna

Akwai wata al'ada da wasu masu karatu a Kaduna suka riƙe, wadda nake fatan ta yaɗu. Idan an haɗu, kowa zai faɗi littafin da ya aro a laburare kwanan nan, ya ce ga abin da ya tarar a ciki, ga kuma inda wani zai je ya same shi. Wasu a zaure suke yi bayan La'asar, wasu a ofis lokacin cin abinci, wasu kuma matan aure ne da ke zagaya gidajen juna. Ga tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu son shiga irin wannan zama, ko masu son fara nasu.

Malam, mene ne amfanin in gaya wa wani abin da na aro? Ai karatu tsakanina ne da littafina.

Haka ne idan da kuɗinka ka saye shi. Littafin laburare kuwa na jama'a ne, kai dai juyi ne ya zo kanka. Mutumin da ya shiga laburare karo na farko yakan tsaya gaban kantoci ya rasa ta ina zai fara, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga wancan, daga ƙarshe ya fita hannu rabbana, kuma da wuya ya sake komawa. Amma idan abokinsa ya ce masa, "Je ka ɗauko kaza, babi na uku kaɗai ya isa ya biya ka kuɗin mota," to da niyya zai shiga, kuma da littafi zai fito.

Akwai wani amfanin da ba a cika lura da shi ba. Buɗe bangon littafin laburare, sau da yawa za ka ga 'yar takarda da ake buga kwanan watan mayarwa a kanta. Wannan takarda ita ce shaidar cewa littafin yana raye. Wanda ake yawan ara, ma'aikata sun san da shi, suna ɗinke shi idan ya fara ɓarkewa, suna neman wani kwafin. Wanda ya shekara da shekaru ba a taɓa ba, ƙura da gara ne abokansa. Duk lokacin da ka sa wani ya je ya ari littafi, ka ƙara wa littafin kwana, ka kuma ba ma'aikatan wurin hujjar da za su nuna wa hukuma cewa ana amfani da laburaren.

Wane bayani ya kamata in zo da shi?

Nan ne mutane suka fi yin sakaci. Sai mutum ya ɗauki minti goma yana yabon littafi, idan aka tambaye shi sunansa ya ce, "Wani mai koren bango ne, a kan tarihin Zazzau." Ma'aikacin laburare ba zai iya taimakon wanda ya zo masa da koren bango ba.

Kafin ka mayar, rubuta sunan littafin yadda yake a shafin farko, da sunan marubuci, da maɗaba'a, da shekarar bugu. Idan littafin yana da juzu'i fiye da ɗaya, faɗi wanne ka karanta. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam littattafai uku ce, kuma wanda ya ce kawai ya aro ta bai gama bayani ba. Shekarar bugu tana da muhimmanci musamman a littattafan lafiya, shari'a, da na jarrabawa, domin abin da ke daidai a bugun 1985 yana iya zama an canza shi.

Abu mafi amfani duka shi ne lambar da ke manne a gadon bayan littafin, wadda ake gani idan yana tsaye a kanta. Ita ce adireshinsa. Laburaren jama'a da na makarantu da yawa suna bin tsarin Dewey, wanda wani Ba'amurke mai suna Melvil Dewey ya fitar a 1876, ya raba ilimi gida goma, daga 000 zuwa 900. Addini yana gidan 200, Musulunci a 297. Lafiya tana 610, noma 630, girki 641. Adabi yana gidan 800, tarihi a 900, tarihin Nijeriya kuma a 966.9. Jami'o'i da yawa kuwa wani tsarin suke bi mai farawa da haruffa, inda za ka ga BP a kan littattafan Musulunci, DT a kan tarihin Afirka, PL a kan harsunan Afirka har da Hausa. Wanda ka ba wannan lamba, kai tsaye zai wuce kantar, kuma zai ga maƙwabtan littafin da ke magana a kan abu guda. Sau da yawa a cikin maƙwabtan nan ake tsintar wanda ya fi.

Idan littafin ya burge wani har yana son ya saya, ba shi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, da ke bayan bango. Tun daga 2007 lambobi 13 ce, kuma littattafan da aka yi wa rajista a Nijeriya sukan fara da 978-978.

A ina ake samun littafi a Kaduna, kuma ko'ina ake ba da aro?

Ba ko'ina ba, kuma ya kamata ka faɗa wa mutane wannan tun a wurin zama, kada wani ya taso daga Rigasa ko Sabon Tasha ya koma da takaici.

Laburaren jiha yana kan titin Bida, kuma a kan titin ne reshen Laburaren Ƙasa yake. Laburaren Ƙasa shi ne doka ta ɗora wa adana abin da aka wallafa a Nijeriya, har ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a wurinsa, shi ne kuma ke ba da lambar ISBN. Gidan Arewa a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna Sir Ahmadu Bello, tun 1970 cibiyar binciken tarihi ce, kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa tana kan titin Yakubu Gowon. Irin waɗannan wurare na adana tarihi zama ake yi a karanta, ba a fita da takarda. Laburaren Isa Kaita na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da na Jami'ar Jihar Kaduna, da na Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello a Samarun Zariya, an yi su ne da farko domin ɗalibai da malamansu.

Ko a laburaren da ke ba da aro, akwai sashen da ba ya fita: ƙamus, kundin ilimi, jaridu, da littafin da kwafinsa ɗaya ne tak. Don haka idan za ka ba da labari, ka ce "na aro" ko "na zauna na karanta a can". Duka biyun suna da gurbi a zamanmu. Sharuɗɗan rajista, yawan littattafan da ake ɗauka, da kwanakin aro, kowane wuri da nasa, kuma a teburin karɓar baƙi ake jin su.

Ban gama littafin ba. In yi shiru har sai na gama?

A'a, faɗi. Ka ce ka kai shafi kaza, ga abin da ka gani zuwa yanzu. Idan ma ajiye shi ka yi don ya gundure ka, wannan ma labari ne mai amfani, muddin ka faɗi dalili.

To idan littafin bai yi mini daɗi ba fa? Ina jin nauyin kushe aikin wani.

Jin nauyin yana da kyau, amma kada ya kai ka ga yabon ƙarya. Idan kowa ya zo yana cewa "ya yi kyau ƙwarai", cikin ɗan lokaci ba wanda zai ƙara yarda da maganar kowa, zaman kuma ya mutu. Abin da ake so shi ne ka raba tsakanin littafin da mutumin da ya rubuta shi. "Ya maimaita magana ɗaya a babi huɗu" bayani ne da wani zai iya auna shi da kansa. "Marubucin nan bai san komai ba" cin mutunci ne. Ka kuma tuna cewa littafin da ya yi maka sauƙi har ka raina shi, wataƙila shi ne daidai da ƙanenka da ke sakandare. Maimakon ka ce ba shi da amfani, faɗi wanda zai amfana da shi.

Hajiya ta ji labarin littafin da na aro, ta ce in ba ta kwana biyu. In ba ta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce wuya, domin a al'adarmu hana babba abu yana da nauyi, balle abin da yake hannunka tana gani. Duk da haka amsata ita ce kada ki ba ta.

Da sunanki aka rubuta littafin. Idan ya ɓace, ko yaro ya zuba masa koko, ke za a nema, ba Hajiya ba. Kuma aron kan aro ba ya tsayawa a hannu ɗaya. Hajiya za ta gama, 'yarta ta ɗauka, ƙawar 'yar ta tafi da shi makarantar kwana, kafin ki ankara littafin da aka ba ki a titin Bida yana Kafanchan. Babu mai mugun nufi a cikinsu, amma littafin ya tafi ke nan, kuma duk mutanen da za su karanta shi nan da shekara goma an tauye su. Musulmi ya san aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a mayar da amana ga masu ita, kuma babu Kiristan kirki da zai ce kayan aro nasa ne. Abin da muke rabawa a zama labarin littafi ne. Shi kansa littafin, ta ƙofar laburare yake bi ya isa hannu na gaba.

Yadda za ki faɗa mata ba tare da ɓacin rai ba yana da sauƙi. Ki ce, "Hajiya, ranar Laraba zan mayar, mu je tare a rubuta miki shi da sunanki." Idan ba ta da kati, ga dalilin yin rajista ya samu. Idan fita tana yi mata wuya, ki je gidanta da littafin ku karanta tare, ki dawo da abinki. Tsofaffi da yawa ma sun fi son a karanta musu, saboda ido.

Littafin da kika saya da kuɗinki kuwa, ki ba wanda kika ga dama.

Me zai hana in ɗauki hoton shafukan duka da waya, in tura wa kowa? Ai an huta da jira.

Doka ta hana, kuma ko babu doka akwai zalunci a ciki. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, tana kare littafi tsawon rayuwar marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa. Ɗaukar shafi ɗaya ko biyu domin nazarinka, ko karanto ɗan sakin layi a wurin zama, wannan ba laifi. Kwashe littafi gaba ɗaya a watsa shi a WhatsApp wani abu ne dabam. Marubutan Hausa da yawa da kuɗin aljihunsu suke buga littafi, su bi shaguna suna rabawa, su jira ciniki. Idan littafin ya riga ya shiga wayar kowa kyauta, da me za su buga na gaba? Ban da haka, danne littafi a kan injin fotokwafi shafi bayan shafi yana karya masa gadon baya, tsohon littafi kuwa daga nan ganyensa ke fara zubewa.

Ta yaya zan ba da labarin ƙagaggen labari ban ɓata wa wasu ba?

Faɗi inda labarin ya faru, da su wane ne a ciki, da matsalar da ta taso musu, sai ka tsaya. Wanda ya mutu, wanda ya auri wa, da asirin da ya tonu a ƙarshe, bar wa mai karatu. Idan da waɗanda suka riga suka karanta kuma kuna son ku tattauna ƙarshen, ku bari sai an tashi.

Ni littattafan Hausa kawai nake karantawa, yawanci ma na soyayya. Ba za a raina ni ba?

Zaman da ake raina mai karatun Hausa bai cancanci zuwanki ba. Ƙagaggen labarin Hausa na boko a nan kusa da mu ya kafu, a Zariya, inda aka shirya gasar rubutu ta 1933 wadda ta fitar da littattafan farko. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, can kuma aka kafa kamfanin buga littattafai na Arewa (NNPC) a 1966. Littattafan soyayya da suka bunƙasa daga Kano tun shekarun 1980 sun riƙe dubban mata a kan karatu bayan sun bar makaranta, kuma ana nazarinsu a jami'o'i. Akwai masu kyau a cikinsu, akwai na banza, kamar yadda yake a littattafan Turanci.

Abin da zan roƙe ki shi ne ki riƙa faɗin inda kika samo. Irin waɗannan littattafai sun fi samuwa a shagunan haya da hannun ƙawaye fiye da kantocin laburare, kuma idan masu karatu suna yawan tambayarsu a teburin ma'aikata, hakan yana nuna wa masu sayen littattafai abin da jama'a ke so. Shawara ta biyu: wata rana ki gwada abin da wani ya kawo wanda ba irin naki ba, shi ma mai tarihin ya gwada naki.

Na ga wani ɗan'uwa a laburare yana aron wani littafi, amma da aka zauna bai ambace shi ba. In tuna masa?

Kada ka kuskura. Mutum yana aron littafi a kan ciwon sukari, ko rashin haihuwa, ko hukuncin saki, ko yadda ake fita daga bashi, kuma ba ya son kowa ya sani. Ma'aikatan laburare ma tarbiyyar aikinsu ita ce ba sa faɗin abin da wani ya ara. Kowa abin da ya ga dama yake kawowa. Wanda ya aro biyar ya faɗi ɗaya bai ɓoye wa kowa haƙƙinsa ba. Haka kuma abin da mutum ya faɗa a zama game da dalilin da ya sa littafi ya taɓa shi, ba a ɗauka a kai majalisa.

Muna da Musulmi da Kirista a zamanmu. Yaya za mu yi da littattafan addini da na siyasa?

Wanda ya san Kaduna ya san dalilin wannan tambaya. Garin ya ɗanɗana rikici a 2000 da 2002, har zama ya rabu, wasu suka koma arewacin kogi, wasu kudu. Ɗakin karatu yana cikin wuraren da har yanzu mutumin Tudun Wada da na Barnawa ke zama a tebur ɗaya, don haka zaman da ya haɗa su abin tattali ne.

Ban ga dalilin hana kawo littafin addini ko na siyasa ba, domin su mutane suka fi karantawa. Sharaɗin dai shi ne mai magana ya faɗi abin da littafin ya ce da abin da ya ƙaru da shi, kada ya mayar da lokacinsa wa'azi ko kamfe. Mai sauraro kuma yana da damar tambaya, amma ba ya yanke hukunci a kan littafin da bai karanta ba. Idan an yi tarihin da ya shafi kakannin wani da ke zaune, a ba shi dama ya faɗi abin da ya ji a gida. Yana da kyau a sami dattijo ko dattijuwa guda da kowa ke jin nauyi, wanda idan murya ta fara tashi zai ce, "To, a wuce na gaba."

Lokacin mayarwa ya wuce, ko littafin ya lalace a hannuna. Kunya ta hana ni komawa.

Koma. Ma'aikatan sun saba, kuma sun fi son littafi ya dawo a makare da ya ƙi dawowa. Idan akwai tara, biya. Idan ya yage, kada ka manna shi da salatif, domin yana cin takarda ya bar tabo, ka kai musu yadda yake. Idan ya ɓace, je ka faɗa, ka nemi a gaya maka yadda za ka biya ko ka sayo madadinsa.

Riga-kafi ya fi. Da damina sa littafi a leda kafin ka hau keke ko babur. Idan ya jiƙe kada ka shanya shi a rana, tsayar da shi a buɗe a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kada ka naɗe kusurwar shafi, kada ka ja layi da biro, ka kuma nisanta shi da ƙasa da jikin bango saboda gara. Idan ka ga ba za ka gama a kan lokaci ba, je ka nemi a sabunta maka tun ranar ba ta cika ba, sai dai in ka san akwai wanda ka kwaɗaita wa littafin yana jira.

Za a iya zuwa da yara?

Ƙwarai kuwa, a kuma ba su lokacin magana kamar kowa. Yaron da ya ga Babansa yana ba da labarin littafi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan amfanin karatu. Kada dai a mayar da abin jarrabawa. A tambaye shi wa ya fi so a labarin, kuma me ya sa.

Na je neman littafin da aka yaba, ban same shi a kanta ba.

Kada ka juya ka tafi. Nuna wa ma'aikaci lambar da aka ba ka. Wataƙila yana hannun wani, wataƙila an mayar ba a jera ba tukuna, wataƙila kuma wani ya soke shi a kantar da ba tasa ba, abin da ke yawan faruwa. Tambayi ko za a ajiye maka idan ya dawo. Kafin nan ɗauki maƙwabcinsa na dama ko na hagu, ka zo mana da labarinsa.

Ina son in fara irin wannan zama a unguwarmu. Me nake bukata?

Mutum uku ko huɗu masu zuwa da gaske, da wurin zama, da rana tsayayya. Ku daidaita ranar da kwanakin aron laburaren da kuke zuwa, ta yadda za ku haɗu littattafan na hannunku tukuna, mutane su gani su taɓa, sannan a mayar. Kada ku ɗora wa mai masauki nauyin girki, ruwa ya isa, in ba haka ba mutane za su fara gudun karɓar baƙuncin. Ku sayi littafin rubutu guda mai kauri, kowa ya rubuta abin da ya kawo: suna, marubuci, lambar kanta, laburaren da yake, da layi biyu na ra'ayinsa. Sabon shiga sai a miƙa masa wannan littafin ya duba, ya zaɓi wanda zai fara nema, wani daga cikinku kuma ya raka shi ranar da zai je yin rajista.